Lungun da Makara Ta Kasa Wucewa

Assalamu alaikum, Sani ɗana. Ya aiki, ya zaman Ikko? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Makarfi lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Tun da aka yanka gonakin bayan gidanmu fuloti, kowa ke jan katangarsa yana cin hanya. Ranar jana'izar maƙwabcinmu Malam Audu, makara ta kasa shan kwana a lungunmu, sai ta kan katanga muka miƙa shi. Jiya kuma na ga an sauke bulo a bakin hanyar da ta rage.

Ka gaida kawunka, ku sa mu a addu'a. Don Allah ka kira mai unguwa. Ni dai idan tawa ta zo, ta hanya nake so a fita da ni.

Babanka.