Kunnen da ke Gonar Baba

Zuwa ga Yaya Lahdar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata aiki na tafiya lafiya. Mu nan Ain Salah lafiya, sai dai ruwan fogara, magudanarmu ta ƙarƙashin ƙasa, ya ja baya. Itatuwan dabinon Baba sun fara yaushi.

Kawu Bujema ya ce na'urar da kamfaninku ya binne a gonarmu ce ke shanye ruwan. Jiya ina kawo musu shayi na ji yana ce wa Baba, "Ɗanka ya zuba hayaƙi a ƙarƙashinmu, ya kuma dasa mana ɓarawon ruwa, kai kana zaune!" Baba ya ce bayan sallar Juma'a zai tone ta. Ni dai na ajiye shayin na fita, ka san ni.

Ƙanwarka,
Mubaraka

Ƙanwata Mubaraka,

Na ga saƙonki, Allah ya yi albarka. Ki gaya wa Kawu na'urar ko shayi ba ta sha, balle ruwa. Kunne ce kawai. Hayaƙin da Kawu ke faɗa, wato iskar kabon da muke turawa cikin ƙasa don a adana ta, tana can ƙasa sosai, dutse ya rufe ta. Idan dutsen ya fara tsagewa, kunnuwan nan da muka binne a wurare daban-daban ne za su ji, mu tsayar da aiki. Na gonarmu ne mafi kusa da gari. In aka tone shi, mun kurumce ta wajenku.

Na koma na duba abin da ya ji a watan jiya. Akwai wata faɗuwa, ba daga zurfi ba, daga sama-sama, wajen rijiyoyin shiga fogara da ke bayan maƙabarta. Ina kyautata zaton rufin fogara ne ya rufta.

Baba ba ya ɗaukar wayata tun da na bar noma. Ke za ki faɗa.

Yayanki,
Lahdar

Yaya Lahdar,

Gaisuwa da fatan alheri. Na faɗa, a gaban dattawa, Baba riƙe da fartanya. Ban tsaya ba sai da na gama.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Yau kuma 'yar boko ce za ta nuna mana ruwan kakanninmu?"

Na ce, "Kawu, a sauka rijiyar a duba. In babu komai, ni zan riƙe muku kwandon tonon."

Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a kawo igiya. Shi ya sauka da kansa. Da muka ji muryarsa daga ƙasa, cewa ya yi, "Bujema, turo kwanduna! Yashi ya toshe ta!"

Ƙanwarka,
Mubaraka

Yaya,

Ruwa ya iso gona. Ba a taɓa kunnenka ba.

Baba ya ce in rubuta maka haka, kada in gyara: ranar Asabar za a yi gayyar yashe sauran magudanar, kuma kowane gida maza biyu zai kawo.

Ka taho da tsofaffin kaya.

Mubaraka