An ce jinina ya yi tsami, an kori mai nono

Assalamu alaikum Hajiya Safiyatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, 'yata. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa mata, na ce kuma kada ta gyara mini baki.

Ni tsohuwa ce a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya. Maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, yara duk sun watse, babbansu Kabir yana aiki a Abuja. Gidan da a da hayaniya ke hana ni barcin rana, yanzu in na yi tari ni ke ce wa kaina sannu.

Ina da ciwon suga ya daɗe, ina shan wata farar ƙwaya babba safe da yamma. To da daminar nan sai amai da gudawa suka kama ni. Ko ruwa ba ya zama a cikina, amma ƙwaya ban fasa ba, don an ce kada in tsallake. Sai jiki ya mutu, cinyoyi na ciwo kamar an daka ni a turmi, ina haki kamar na hau dutsen Kufena alhali ina kwance. Jummai ce ta same ni a haka, ta yi kururuwa aka kai ni asibiti.

Jummai Bafillatana ce mai tallar nono, rugarsu na can bayan Kufena. Tun ina goyon autata take shigowa gidan nan, tare muka tsufa. Kullum bayan azahar za ta sauke ƙwarya a ƙofar ɗakina ta dama mini fura, mu yi ta surutu har la'asar. In ce mata rabin nonon nan ruwan rafi ne, ta ce yaushe Kaɗo ya san nono balle ya gane ruwa. Ranar da Malam ya cika, ita ta riƙe ni.

A asibiti likita ya ce jinina ya yi tsami, ƙodata kuma ta gaji. Na kwana biyu ban san inda nake ba. Suka hana ni ƙwayar, suka mai da ni kan allura. Kabir da ya zo ya duba sunan ciwon a wayarsa, ya ce ai irin tsamin da ke cikin nono ne, sunan ma daga can aka samo shi. Ya tare Jummai a zaure, ya ce nononta ne ya kusa kashe masa uwa, kada ta sake tako mana gida. Kin san Fulani da kunya. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Har yanzu tana bi ta lungunmu. Ina jin muryarta tun daga nesa tana talla, amma in ta zo daidai ƙofarmu sai ta yi shiru, sai ta wuce sannan ta ci gaba. Wannan shirun ya fi ciwon cin raina, wallahi. Abinci ba ya shiga. Wani lokaci in ɗauki allurar in ce ni kam don wa nake yi.

'Yata, da gaske nono ne? In shi ne na haƙura da shi har abada, amma ita Jummai fa? Ba na so in saɓa wa Kabir, yaron kirki ne, shi ke riƙe da ni.

Tsohuwar Ƙofar Gayan

Wa alaikumus salam Mama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Na kai maganarki wajen likita kafin in amsa. Ba nono ba ne. Tsamin da aka ce, jiki ne da kansa ke yin sa, ba daga ƙwarya yake shiga jini ba. Suna ne kawai ya haɗa su. Ƙwayar da kika kwatanta, da alama metformin ce. Magani ne mai kyau, kuma ba kasafai yake jawo wannan ba. Amma ƙoda ce ke fitar da shi. In ƙoda ta yi rauni, ga amai da gudawa sun ƙarar da ruwan jiki, sai ya taru, jini ya yi tsami. Shi ya sa duk mai shan sa, in irin wannan ciwo ya kama shi, ya dakata da ƙwayar ya nemi likita a ranar. Haki ba dalili, ciwon ciki ko na tsoka, da mutuwar jiki mai tsanani, asibiti ake kai mai su kai tsaye. Ke ma ba laifinki ba ne, abin da aka gaya miki kika bi.

Kada ki koma kan ƙwayar, allura kuma kada ki yi wasa da ita. Ki gaya wa likita cewa ba ki cin abinci sosai, don allura ba abinci tana iya faɗar da suga. Fura, musamman in da sukari, tana ɗaga suga, ƙodarki kuma tana son lallaɓawa, don haka ki tambaye shi ludayi nawa ya halatta miki.

Kabir tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Ya ga uwarsa a bakin mutuwa. Amma ya ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba, alhali ita ta cece ki. Faɗa masa haka ba saɓa masa ba ne, ke kika haife shi. Ku je asibiti tare ya ji daga bakin likita, sannan ya taka har rugar da ƙafarsa ya ba ta haƙuri. Aike ba zai wadatar ba, tunda shi ya yi korar.

Ke kuma kada ki jira zuwansa daga Abuja. Gidanki ne. Gobe bayan azahar ki sa a kai miki tabarma zaure, in Jummai ta iso ki kira ta da sunanta. Ko ba ki sayi komai ba, ta zauna.

Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Safiyatu