Kabbasa a Ɗakin Hadil

Misfala, Makka
3 ga Rajab

Ƙawata Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina fata wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Kano?

Na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna Hadil, 'yar yayana Mukhtaru, wadda nake sa wa ta ja baitin waƙe a makarantarmu tun tana aji uku? Shekara huɗu ke nan tana koyon opera a Jidda, irin waƙar nan ta Turawa da ake rerawa ba makirufo, murya kaɗai ta cika zaure. To, an zaɓe ta! Ranar ashirin ga wata za ta tsaya ita kaɗai gaban makaɗa arba'in, ta yi waƙa biyu da Italiyanci. Wannan ne karonta na farko. Shugaban makaɗan ya ce sai ya sake jin ta a gwajin ƙarshe, kwana biyu kafin ranar, don akwai wata yarinya da ke jiran gurbin.

Hajiya Kabira, mahaifiyarmu, ta ce ita ba ta ga abin yabo a ihun da ba a jin ma'anarsa ba. Ni kuwa har na fassara mata baitocin da Hausa, ta ce in tashi mata daga kan darduma. Na ɗinka wa Hadil doguwar riga kalar zuma. Ki taya mu addu'a.

Taki,
Mairama

Misfala
13 ga Rajab

Nasiha,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu dai ba lafiya ba, kuma ni ce sila.

Kin san mu, 'ya mace ba ta fita taro da rigar da ba ta sha turare ba. Hadil ta zo hutun kwana uku, sai na kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, a kan kasko a ɗakinta, na shimfiɗa rigar a kai, na zuba turaren wutan nan na Chadi da Hajiya ke ɓoyewa. Na rufe taga, na kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ƙamshin ya kama. Kwana biyu ina yi, ita kuma a ɗakin take kwana, kunya ta hana ta ce wa gwaggonta a'a. Jiya da safe ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai wani sauti ya fito kamar an ja kujera.

Ni da na yi shekara ashirin da shida ina hana ɗalibai shan ruwan sanyi kafin karatu! Likita a asibiti ya leƙa maƙogwaronta, ya ce hayaƙin ya sa ya kumbura. Magani ɗaya ne, ta yi shiru kwana biyar, ko raɗa ban da. Gwajin kuma ranar sha takwas.

Ga wata kuma. Danginmu na Damagaram sun zo umra, mata bakwai, kullum suna gidan. Su ce sannu Hadil, ya gida, ya karatu, ita kuwa sai murmushi da ɗora hannu a ƙirji. Na ji ɗaya tana cewa 'ya'yan Makka sun fi ƙarfin amsa gaisuwa yanzu. Hadil ta ji. Ta rubuto mini a waya cewa gobe za ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, gurbin ya tafi in zai tafi. Tun ɗazu nake safa da marwa tsakanin kicin da ƙofarta, ban san me zan ce mata ba.

Mairama

Misfala
22 ga Rajab

Ƙawata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah ya sa gwiwar ta yi sauƙi.

Washegarin wasiƙata na durƙusa gaban Hajiya na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce ashe boko ba ya hana wauta, ta kuma tambaya wa ya ba ni izinin taɓa turarenta. Da baƙin suka iso, sai ta sa Hadil ta zauna kusa da ita. Duk wadda ta gaishe da yarinyar, Hajiya ce ke amsawa: lafiya lau, karatu alhamdulillahi, tana gaishe ku. Ta gaya musu jikarta na jinyar murya, wadda ta ga girman kai ne ta zo ta same ta. Sannan ta kulle kaskon a akwatinta. Nasiha, tun da aka haife ni ban taɓa ganin gidanmu ya kwana bakwai ba hayaƙin turare ba.

Ranar gwaji na bi ta Jidda, na tsaya a bayan ƙofar zauren ina kasa kunne. Farkon waƙar muryar ta ɗan yi rauni, na ce shi ke nan. Sai ta ja numfashi, ta hau, ta kai can sama inda nake tsoro, ta tsaya a wurin daram. Shugaban makaɗan ya ce ta huta, ranar ashirin tata ce.

Rigar sau uku na wanke ta, har ta koma ba ta ƙamshin komai. Ranar waƙar Hajiya ta zo zauren, ta zauna a layi na biyu da carbinta. Da aka tashi ana tafi ba ta tafa ba, amma na ga tana goge ido da bakin mayafi. A mota ta ce har yanzu ba ta ji ma'anar ba, amma ihun ya yi tsabta.

Jiya da hantsi muka dawo gida. Hajiya ta tambayi Hadil yaushe ne waƙa ta gaba. Ta ce sai bayan Ramadan. Sai Hajiya ta buɗe akwatin, ta hura gawayi da kanta, ta ce a kawo mata rigar, ba za a ce jikarta ta tsaya gaban jama'a ba ƙamshi kuma a rataye rigar haka ba. A baranda muka turara ta, Hadil na leƙenmu ta bayan gilashi tana dariya.

Ki gaishe mini da kowa.

Taki har kullum,
Mairama