Inna, Sun Saka Muryarki a Shirinsu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan rahama a makwancinki, 'yarki Rumasa'u ce. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Amma masu zagina a waya za su karanta, kuma ina so su san a gabanki nake magana.

Wata biyar da rasuwarki na shiga gasar girki, irin wadda ake ɗauka ana sakawa a intanet. Mu goma aka tara a wani gida a Dutse, kyamara har bakin ƙofar ɗakin kwana. Baba bai so ba. Ni na dage, na ce dambun zogalen da kika koya mini ya isa a san shi a wajen Aujara. Ranar shiga aka karɓe wayoyinmu tare da lambar buɗe su, wai don tsaro. Na bayar.

Mako uku ina haye kowane zagaye. Sai shugaban shirin ya ja ni gefe, ya ce girkina ba laifi, amma ba na jan masu kallo, ba dariya ba kuka. Ya tambayi yadda kika rasu. Na ce masa ciwo ne kawai.

Ranar Asabar da hantsi ana ɗaukar mu a kyamara, ina tsaka da turara dambu, sai ga muryarki a lasifika. Saƙon nan ne da kika turo mini daga gadon asibiti, kina numfashi da ƙyar: "Ruma, kar ki zo yau, ki zauna ki kula da Babanki." Ko Baba ban taɓa kunna wa shi ba.

Masu kyamara biyu suka matso dab da fuskata suna jira. Inna, kukan ya taso, na danne shi. Na kashe wuta, na dubi kyamarar na ce: "Muryar uwata ce wannan, kuma sato ta kuka yi." Na ajiye musu makirfonsu a kan murfin tukunya na fita.

A guntun bidiyon da suka watsa daga baya babu maganata. Muryarki ce kawai, da busassun idanuna. Yanzu ko'ina cewa ake ba ni da imani. Shugaban ya aiko cewa ai na riga na sa hannu a takardar yarjejeniya, don haka in koma in ba da haƙuri a gaban kyamara, a kai ni zagayen ƙarshe. Ba zan koma ba, kuma ba zan ba da haƙuri ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a kasuwa Baba ya fara jin saƙon, a wayar wani. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Da na gaya masa ni da Bilkisu, 'yar Ringim da muke gasar tare, wadda ta biyo ni ta fito, za mu kai maganar wurin lauya, sai ya ce: "Da ni za a je."

Na yi kukan, Inna. A ɗakinki na yi shi, na rufe ƙofa, kuma babu wanda ya ɗauka.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya ba ni ƙarfin tsayawa har sai sun cire muryarki.

Taki har kullum,
Ruma