Mace Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Rahima maƙwabciyata ke rubuta mini, ni ban san baƙi ba. 'Yar farita ta zo daga Gashuwa, wadda ke koyarwa a jami'a, ake ce mata Dakta. Sunanta ba na faɗa, kin sani. Ina gaban bandar kifi ta ajiye waya, wai bincike take kan mata da tattalin arziki. "Gwaggo, wa ke ci da gidan nan sanda muke yara?" Bakina ya kufce. Na ce tun da ciyawar kacala ta cinye ruwa, maigidana marigayi Malam Dauda bai sake kamo kifin kirki ba. Ni nake shiga kasuwar Nguru in saro, in yi banda, in sayar, in miƙa masa kuɗin ta bayan ƙofa ya fita ya auno hatsi kamar nasa. Ashe wayar na ɗauka.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Wai za ta karanta a gaban manya don a ƙara mata girma. Da asirin ubanta. Tir.

Talata, 12 ga Nuwamba

Asibi mai daddawa ta ce abin da ya shiga waya har Makka ana ji. Shekara talatin ina rufe mutumin nan, yana kabari 'yarsa za ta yaye masa zane. Na aika mata ta goge. Wai "Gwaggo, ba a sa suna." Ƙaryar 'yan boko.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An kai ni Gashuwa. Na zauna can baya, na ja mayafi. Turanci ta yi ta zubawa, matar kusa da ni na fassara mini. Sai ga shi: wata mata mai lamba goma sha huɗu, hayaƙi ya cinye mata ƙirji, ta ci da mutum tara, a takardar ƙidaya an rubuta ba ta da sana'a. Ina jiran a juyo. Ba wanda ya juyo. Suka tafa wa Dakta, aka raba lemo.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Asiri ya rufu, alhamdu lillahi. Amma lamba, Rahima? Kamar buhun gero a tasha. Tarin nan da nake yi lamba ce ke yin sa?

Asabar, 23 ga Nuwamba

Rahima ta tafi biki Machina, ita Daktar ce ke riƙe da biro yau. Ba wai na huce ba ne. In za a buga shi a littafi, Malam ki bar shi ya huta. Lambar nan kuwa ki cire. Sa Ikilima mai banda, ta Nguru. Uwar... uwar Nuraini. Rubuta mana, me kike kallona?