Hannun Likita Kuramochi

Litinin, 7 ga Oktoba

An ba ɗakin tiyatarmu lambar yabo a taron safe, wai mun fi kowane sashe kawo ƙananan gyare-gyare a bana. Shugaban asibiti sai nanata kaizen yake yi, wato aikin yau ya fi na jiya, na gobe ya fi na yau. Ni aka tura karɓa tunda ni ce babbar nas. Na rusuna, aka tafa. Kunya kamar in nutse.

Gyaran me? Mun matso da tiren kayan aiki jikin gado. Mun sa matashi ƙarƙashin gwiwar hannun mai yanka. Mun sauya almakashi zuwa mai kaurin mariƙi. Mun ce mataimaki ne zai riƙa ƙulla zare, wai don rage lokaci. Duk don hannun Likita Kuramochi ne. Rawa yake yi tun bazara. Kowa ya gani, ba wanda ya furta, ko a tsakaninmu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Yau da hannu biyu ya ɗauki kofin shayi. Na yi kamar ina duba agogo.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na tare Hirose, 'yar'uwata nas, a ɗakin canza kaya. Tare muka fara aiki, na zaci da ita zan iya magana. Na ce ko ta lura da hannun Sensei, wato malam, yadda muke kiran Likita Kuramochi.

"Wane hannu?" in ji ta, tana naɗe hula. Can ta sassauta murya. "Tsuruta-san, mutumin da ya koya mana tsayuwa a ɗakin nan? A watan Maris zai yi ritaya. Ki bari ya fita da mutuncinsa mana."

Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan.

Talata, 15 ga Oktoba

An kwantar da Okuda-san, mai awara ta bakin tashar jirgi. Maƙoƙo za a cire mata ranar Juma'a, kuma Likita Kuramochi zai yi. Jijiyar murya tana nan manne da wurin, siririya kamar zare. Wuƙa ta goce kaɗan, shi ke nan, sai raɗa har ƙarshen rai.

Matar kuwa murya ce jarinta, daga ƙarshen layi ake jin tallarta. Da na je yi mata bayani ta kama hannuna tana dariya. "'Yar nan, ku yanka duk inda kuke so, ku bar min muryata. In na yi shiru wa zai yi wa maigidana faɗa?" Ta ce ita Kuramochi kawai ta yarda da shi, shi ya yi wa mijinta aiki.

Na zare hannuna, na fito.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na sami Likita Anzai shi kaɗai, yadda ya kamata, a daidaita magana a gefe kafin ta kai gaban jama'a. Shi ne mataimaki a aikin ranar Juma'a. Ya saurara, kansa a ƙasa.

"Zan tsaya kusa da shi sosai," ya ce.

Na ce tsayawa kusa daban, riƙe wuƙa daban. Sai ga shi wai in muka ɗaga gadon kaɗan hannu zai fi samun madogara. Wani gyaran kuma. Saura kaɗan in mare shi.

Tun da aka kwaso mana tsarin kaizen daga masana'antar mota, doka ta ce duk wanda ya ga matsala a ɗakin tiyata, ko mai shara ne, yana iya cewa "a dakata", kowa ya ɗage hannu. Mun sha faɗa wa sabbin likitoci. Likita Kuramochi kam, wa ya isa?

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na je ofishin Likita Kuramochi da niyyar faɗa masa. Muka yi hirar sanyi ya fara shigowa. Ya ba ni lemun lambunsa cikin leda. Na yi godiya, na fito. Matsoraciya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Da ƙyar nake rubutu.

Da farko komai lafiya, har na fara cewa ko ni ce na zuzuta abin. Da aka kai kusa da jijiyar Sensei ya miƙo hannu, na sa masa almakashi. Bakin almakashin na kaɗawa, ina gani, Anzai na gani, Hirose ta kafe ido a bango. Ya numfasa, ya sake matsawa. Na tuna dariyar matar.

Na ce, "A dakata."

Ban ma gane muryata ba. Kowa ya ɗage hannu, har shi, don jiki ya saba.

"Mene ne, Tsuruta-san?"

Na ce, "Sensei, a yi min afuwa. Hannunka."

Ya dubi hannun ya daɗe, kamar hannun wani. Sai ya ajiye almakashin a tire, ya ja da baya. "Anzai, karɓi." Bai fita ba, ya tsaya yana nuna masa inda jijiyar ta bi har aka rufe.

Ba wanda ya yi min magana a wurin wanke hannu.

Litinin, 21 ga Oktoba

Okuda-san tana magana. Tun daga baranda na jiyo ta tana kushe awarar asibiti. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Da rana Sensei ya aiko kirana. Na shiga na rusuna sosai, na fara ba da haƙuri, ya katse ni.

"Tun yaushe kuka sani?"

Na ce tun bazara.

"Matashin nan, da almakashin?"

Na gyaɗa kai.

"Ni na zaci a wurin aiki ba ya nunawa, tunda ba wanda ya ce komai. Mutum nawa na yanka tun bazara, Tsuruta-san?"

Na shirya wa fushinsa a kan Juma'a. Wannan ban shirya masa ba. Ya ce ya gaya wa shugaba ya daina tiyata daga yau.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Hirose ta daina zama kusa da ni lokacin abinci. To.

Aikin mutum biyu ya dawo kan Anzai, idonsa jawur, jiya har ya jingina da bango tsakanin tiyata. A taron safe wata ta kawo shawarar gyara, a saya masa doguwar kujera. Ana ta gyaɗa kai. Sai na ji bakina ya ce, a gaban kowa, yana zaune, "Ba kujera yake buƙata ba, barci yake buƙata. A ɗage aikin yamma."

An ɗage. Ba wai na canza ba ne, gajiya ce kawai. Amma zuciyata ko bugawa ba ta yi ba, wannan ne ya ɗan ba ni tsoro.