Gashin Wuyan Sarkin Ƙofa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sake ki, ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan kowa lafiya. Autarmu ta fara koyarwa, yanzu ko gaishe ta ka yi sai ta gyara maka magana.

Yaya, maganar Sarkin Ƙofa ce ta sa na rubuto, karen nan da marigayi Baba ya tsinto yana ɗan kwikwiyo a bayan shagonsa na kafinta. Kin tuna in baƙo ya doso, yadda gashin wuyansa da kafaɗunsa yake miƙewa kamar burushi, Baba ya ajiye zarto yana dariya, yana cewa maigadi ya sa kaki? Makon jiya mai kawo mana katako ya shigo, kare ya yi haushi, sai na ga gashin dama ya tashi, na hagu kuwa yana kwance luf. Na taɓa ƙafarsa ta gaba ta hagu, zafi rau, tafin a bushe.

Na kai shi wurin likitar dabbobi, ta ɗauki hoton ƙirjinsa. Ta yi mini bayani cewa a gindin wuya, dab da haƙarƙari na farko, akwai ƙullin jijiyoyi mai siffar tauraro, ɗaya a kowane gefe. Daga nan zaruruwan jijiya suke fita zuwa fatar wuya da kafaɗa da ƙafar gaba. Su ne suke tsuke hanyoyin jini, su tayar da gashi, su sa tafi ya yi gumi, ba da sanin kare ba. Ƙari ne ya fito masa ya danne ƙullin hagun. Ta ce a shekarunsa, in aka yi masa aiki da wuya ya farka, ta bar mini zaɓi.

Ina riƙe da igiyarsa na ce ta ba mu maganin rage ciwo kawai. Na so in ji ta bakinki, tunda ke kika raine shi da madara a murfin gwangwani, amma na san ba za ki so ya ƙare a kan teburin ƙarfe ba. Yanzu yana kwance cikin ɓawon katako a ƙarƙashin bencin Baba. In na kunna inji sai ya ɗaga kai ya dubi ƙofa kamar Baba ne zai shigo, ni ma in duba.

Ki gaida maigidan, da takwarar Inna, da ɗan rigimarki. Kawu da Goggo suna gaisuwa. Inna ma tana gaishe ki. Ita da ta yi shekara da shekaru tana korar karen nan da tsintsiya, yau da kanta ta tako har shago da romo a kwano, wai kada ya zube a banza.

Ƙaninki,
Ƙaramin Kafinta